Aiki a Ƙungiyar Addini: Wa Zai Biya Kuɗin Tazarar Haihuwa?

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu idan mun gama HND da bautar ƙasa, a asibitin mishan ko gidauniyar Musulunci za mu nemi aiki. Wasunmu ma tuni sun yi aure. Shi ya sa na ga ya dace mu fahimci wata taƙaddama da ta kai har Kotun Ƙolin Amurka.

A 2010 Amurka ta yi dokar lafiyar da ake kira Obamacare. A ƙarƙashinta aka wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su sa magungunan tazarar haihuwa cikin inshorar ma'aikatansu. Sai wasu mata masu zaman zuhudu 'yan Katolika, Little Sisters of the Poor, masu kula da tsofaffi marasa galihu, suka ce sam, addininsu ya hana. A watan Yulin 2020 kotun, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta amince da ƙa'idar da ta keɓe irinsu. To amma fa ma'aikaciyar da ba addininsu ɗaya ba, ita ke nan sai ta nemi wata hanya.

Mu dawo gida. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora, nan Kaduna ga hukumar KADCHMA. Wato mu ma tambayar tana iya tasowa.

Kada a ɗauka duk addinai bakinsu ɗaya. Katolika na bin wasiƙar Fafaroma Paul na Shida ta 1968, wadda ta haramta magungunan, ta bar ma'aurata da lissafin kwanaki. Cocin Angilika, mai asibitin St. Luke da ke Wusasa, ya sassauta wa ma'aurata tun taron Lambeth na 1930. A Musulunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta yanke a 1988 cewa ba da tazara na ɗan lokaci ya halatta idan akwai dalili kuma miji da mata sun yarda, amma tsayar da haihuwa kwata-kwata bai halatta ba sai da lalura.

Inda muka bambanta da Amurka shi ne kuɗi. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da waɗannan magunguna kyauta a asibitocinta da na jihohi, ko da yake kaya kan yanke wani lokaci. Matar da ke Tudun Wada ba ta dogara da aljihun mai gidan aikinta ba; tana iya zuwa ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa.

Saboda haka ni a ganina matsalarmu ita ce ɓoye bayani. Ƙungiyar addini na da ikon cewa "ba ma yi," amma ta faɗa ƙarara, ta kuma nuna inda ake yi. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, likita ya ce ta huta, idan aka sallame ta ba bayani, rayuwarta aka jefa cikin haɗari.

Kafin ka sa hannu a takardar aiki, ko ki zaɓi asibiti a inshora, a tambaya: me inshorar ta ƙunsa, me ta cire, ina za a tura mutum? Matambayi ba ya ɓata.