Shirin Musamman: Hoton Sararin Samaniya daga Tsakar Gida

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, domin shirin yau naku ne.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2006 zai tuna ranar 29 ga Maris. Da hantsi wata ya tare rana, inuwarsa ta ratsa Zamfara ta nufi Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu na 'yan mintuna kamar magariba ta faɗa. Mutane da yawa sun gani da idonsu, amma waɗanda suka ɗauki hoto ba su taka kara sun karya ba, domin wayar hannu mai kyamarar kirki ba ta yawaita ba a lokacin. Yau kuwa tana aljihun kusan kowane matashi.

Masu sha'awar ɗaukar hoton sararin samaniya a London ko Legas sai sun yi doguwar tafiya kafin su tsere wa hasken fitilu. Mu nan, duhun da muke kuka da shi in an ɗauke wuta, shi ne jarinmu.

(Kiɗa kaɗan)

To, da me za a fara? Da wata. Kada ka jira daren sha huɗu, lokacin haske ya yi yawa, fuskarsa sai ta fito fari fat. Nemi wata ɗan kwana shida zuwa takwas. A kan iyakar haske da duhu za ka ga ramuka da tsaunuka, kowanne da inuwarsa. In kana da madubin hangen nesa, ko da irin mai ido biyu ne, ɗora shi kan katanga, ka manna idon kyamarar waya a bakinsa, ka rage hasken hoton.

Sai Zara, matar wata. Ita ce dai Gamzaki da ke fitowa da asuba: duniya ɗaya ce mai kewaya rana, wani lokaci ta bi bayan rana da yamma, wani lokaci ta riga ta fitowa. Akwai kuma duniyar Mushtari. Ka tsayar da madubinka da kyau, za ka ga ɗige-ɗige har huɗu a jere kusa da shi. Watanninsa ne, waɗanda Galileo na Italiya ya hango a 1610. Ka ɗauka yau, ka ɗauka gobe, za ka tarar sun sauya wuri. Zoben duniyar Zuhal kuwa, sai da babban madubi.

Taurari irin su Kaza da 'Ya'yanta suna son haƙuri. Jingina wayar da dutse ko turmi, kashe filasha, kunna tsarin dare, sa agogon jinkiri don kada hannu ya girgiza ta. Daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa. In ka zarce sosai, juyawar duniya za ta ja taurarin su zama layi.

Lokaci ma abin lura ne. Hazon hunturu yana dusashe sama. Daren da ruwa ya wanke gari, ko ƙarshen damina kafin ƙura ta taso, ya fi ba da hoto garau.

Gargaɗi biyu. Kowa ya san halin tsaro a yankinmu, don haka kada hoto ya kai ka daji ko bayan gari da dare. Tsakar gida ta wadatar. Na biyu, kada ka kuskura ka kalli rana ta madubi, makanta ce nan take.

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ga aiki gare ku. Dattawanmu manoma sun san lissafin taurari, irin su Surayya da Dabaran, kuma da su suke auna lokacin shuka. Ku ɗauki hoton tauraro, ku rubuta kwanan wata da sa'a, ku kai wa baba ko malam ya faɗa muku sunan tauraron da abin da fitowarsa ke nufi a gona, ku adana. Wanda kuma ya dace da jinjirin watan azumi, ya sanar da hakimi ko dagaci mafi kusa, kamar yadda fadar Sarkin Musulmi ke umarni.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya ba mu zaman lafiya. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufewa)