Idan zomo ya ƙi cin abinci: Abin da ke faruwa a cikinsa da yadda yake farfaɗowa

Wanda ya saba kiwon akuya ko tunkiya ba ya tayar da hankali don dabbarsa ta wuni ba ta ci ba. Yakan bari zuwa gobe ya gani. Irin wannan haƙuri ne ke kashe zomaye a gidaje da dama. Likitocin dabbobi na ɗaukar zomon da ya kai awa 12 bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, a matsayin mai buƙatar taimakon gaggawa.

Dalilin yana cikin halittar hanjinsa. Zomo kan ci kaɗan-kaɗan dare da rana, kuma ciyawar da yake tauna ita ke tura abin da ke cikin hanji gaba. Da zarar ya daina ci, sai motsin hanjin ya ragu, abin da ke tumbi ya bushe ya dunƙule, iska ta taru. Zomo ba ya amai, saboda haka ba shi da hanyar sauke wannan nauyi. Ciwon cikin zai ƙara hana shi ci, rashin cin kuma ya ƙara tsayar da hanjin. Idan aka ɗauki kwanaki a haka, kitse kan taru a hanta, musamman ga mai ƙiba.

Sau da yawa haƙora ne mafarin matsalar. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro. Na gaba kan ƙaru da kusan milimita 2 a mako, kuma tauna ciyawa da harawa ke rage su. Wanda aka saba wa dusa da burodi da ragowar tuwo, turamensa kan yi tsini har su yanki harshe ko kunci. Irin wannan zai zo wurin abinci ya shinshina ya koma, haɓarsa a jiƙe da yawu. Zafi ma na hana shi ci, domin zomo kan fara galabaita idan yanayi ya wuce digiri 30, balle a bazarar Kano ko Sakkwato, cikin keji ƙarƙashin rufin kwano. Firgicin kare ko sauyin wuri kaɗai na iya jawo hakan.

Da yake dabba ce da ake farauta, zomo ya iya ɓoye ciwo. Abin da ba ya iya ɓoyewa shi ne kashinsa: zai ƙanƙance, ya bushe, ya ragu, daga bisani ya ɗauke. Sai a gan shi a takure a lungu, wani lokaci yana cizon haƙora.

Kafin a kai ga likita, a mayar da shi inuwa, a ajiye masa ruwa a kwano da ɗanyen ganyen da ya saba ci. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada a yi masa ɗure, domin mai yiwuwa hanjin ne ya toshe. Haka kuma kada a ba shi kafso irin su amoxicillin ko ampicillin da ake saye a kemis. Suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa ciyawa a hanji, kuma zawon da ke biyo baya kan kai ga mutuwa. Likita ne zai duba haƙora da ciki, ya ƙara masa ruwa, ya ba shi maganin rage ciwo, sannan idan babu toshewa ya nuna yadda za a riƙa ba shi jiƙaƙƙen abinci da sirinji ta gefen baki, a hankali.

Sauƙi ba ya zuwa lokaci guda. Kashin farko kan fito ƙanana, wani a murɗe, wani da majina, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Yawanci ɗanyen ganye zai fara karɓa kafin harawa. A bar shi ya riƙa zagaya tsakar gida, tunda motsin jiki na taimakon hanji, kuma kada a raba shi da abokin zamansa. Ana ci gaba da ɗure da magani har sai ya koma ci da kansa kuma kashin ya dawo girmansa na da, abin da kan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci fiye da mako.