Injiniyan da ke auna zafin gini kafin a kafa tubali

Wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2022 ya nuna cewa gine-gine da aikin gina su ne ke fitar da kusan kashi 37 cikin 100 na iskar carbon da ke da nasaba da makamashi. Shi ya sa injiniyan da ya ƙware kan ƙa'idojin gini mai kiyaye muhalli yake cikin masu yaƙi da ɗumamar yanayi. Aikinsa awo ne. Tun daga zane yake lissafa zafin da bango zai sha, inda taga za ta fuskanta, da wutar da na'urar sanyaya ɗaki za ta ci. Wajen ba wa irin wannan gini takardar shaida, Birtaniya ta fara da tsarin BREEAM a 1990, Amurka ta biyo da LEED, sannan tsarin EDGE ya zo da sharaɗin rage kashi 20 na wuta da ruwa.

Wasu kan ce wannan harka ce ta masu hannu da shuni, kuma gaskiya takardar shaidar tana cin kuɗi. Amma dabarar kanta ba ta da tsada. Cibiyar Eastgate da aka buɗe a Harare a 1996 tana sanyaya kanta da iskar dare da kaurin bango, dabarar da maginan soro a Kano da Zariya suka daɗe da sani. Najeriya ma ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gini tun 2017. Ya rage wa jihohi su tilasta aiki da ita, su kuma horar da injiniyoyin da za su duba.