Ƙwai Ɗaya Tak A Shekara: Ungulu Ta Fara Wuyar Gani A Gonakin Bauchi

Duk wanda ya san Shadawanka, a gefen birnin Bauchi, da barikin soja ya san ta. Amma kafin gari ya bazu har ya taɓo ta, wannan yanki gonaki ne masu ɗorawa da tsamiya da maɗaci, irin itatuwan da manomi kan bari tsaye in yana sharar gona. A can ƙololuwar irin waɗannan itatuwa ungulu ke yin sheƙa. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, to yau a wurare da dama na ƙasar nan sai mutum ya yi makonni bai ga jewar ba sam.

Mutane da yawa sun ɗauka tsuntsuwar da ke cika mahauta ba za ta taɓa ƙarewa ba. Alhali kuwa a cikin tsuntsaye ba kasafai ake samun mai ƙarancin haihuwa kamarta ba. Da rani take ƙwai, bayan an kawar da amfanin gona, kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Mace da namiji su ke karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 50 ko fiye. In ɗan ya fito sai ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya iya tashi, sa'an nan iyayen su ci gaba da ciyar da shi na wasu watanni. Wani masani, Peter Mundy, ya yi nazarin sheƙunanta a Sakkwato tun farkon shekarun 1970, lokacin da ba wanda ya yi zaton za a wayi gari ana cigiyarta.

Watau ke nan yaro ɗaya da ya hau ɗorawa ya sauko da ƙwai, ko mai gatari da ya sassabe rassa don itacen girki ko gawayi a tsakiyar rani, ya tashi aikin shekara guda. Ungulu kuwa takan koma sheƙarta ta bara ta yi mata gyara. In an kada itacen, ba lalle ne ta sami wani mai tsayi irinsa a kusa ba, musamman inda gonaki suka zama fulotai.

Babbar masifar dai ita ce kasuwa. Ana sayen kanta da ƙafafunta da ƙwanta don tsubbu da neman sa'a, kuma masu bincike sun sha ambaton Nijeriya a matsayin babbar cibiyar wannan ciniki a Afirka ta Yamma. Mafarauta kan barbaɗa guba a kan mushe, tsuntsaye su sauka su mutu gaba ɗaya. A 2020 an kashe ungulaye fiye da 2,000 ta wannan hanya a ƙasar Gini Bisau. Tun a 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke shirin ƙarewa ta sa ungulun gari cikin jerin masu fuskantar hatsari mafi tsanani.

Ba ita kaɗai ba ce. Wani bincike da aka buga a 2024 ya duba tsuntsayen Afirka iri 42 na dangin shaho da gaggafa da mikiya, ya tarar kusan kashi 90 cikin 100 nasu sun ragu, kuma raguwar ta fi muni a wajen gandun daji. Gandun Yankari, da aka keɓe a 1956, yana da masu tsaro. Ɗorawar da ke tsakiyar gonar dawa kuwa ba ta da mai tsaro sai mai gonar.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, akwai kuma Doka ta 11 ta 1985 da aka ƙara wa tsanani a 2016. Sai dai a gaskiya da wuya a ji an gurfanar da wani gaban alƙali saboda ungulu.

Mai cewa ina ruwansa da tsuntsuwa mai cin ƙazanta, ya dubi Indiya. A shekarun 1990 wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, mai suna diklofenak, ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulayen ƙasar. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana bai wa dabbobi maganin, kuma har yanzu tsuntsayen ba su koma yadda suke ba.

Abin da masu kare tsuntsaye ke roƙon manoma da masu unguwanni bai taka kara ya karya ba: itacen da aka ga sheƙa a kansa a bar shi, a jinkirta sassabe har damina ta faɗi, a kuma tsawata wa yara masu hawa neman ƙwai. Makiyayin da kare ko kura ta dama, kada ya sa wa mushe maganin ƙwari, don ungulu ce za ta riga kowa sauka.