Kwalliyar siddabaru a cikin gida: Kada garin neman gira a rasa ido

UWA ce za ta shigo tsakar gida ta tarar da autanta zaune, hannu a tsage, jini na ɗiga. Kafin ta gama salati sai ta ji yayansa ya fashe da dariya a bayan ƙyaure, waya a hannu yana ɗaukar hoto. Ashe raunin fulawa ne da basilin, jinin kuma zuma ce da kalar abinci. Irin wannan tsokana ta 'yan koyon kwalliyar fim ce, masu kallon bidiyo a YouTube su tashi su gwada a jikinsu ko a jikin ƙannensu.

Ita wannan kwalliya daban take da ta jan baki da gazal da ake yi wa jaruma kafin a shiga sin ɗin rawa. Ita ce ke maida saurayi tsoho tukuf, ta sa wa lafiyayye tabon wuta, ta fito da aljani a fuskar ɗan'adam. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, manyan gwanayenta na duniya ma a ɗaki suka faro, ba malami sai madubi.

Daga ɗakin kwana zuwa Oscar

Dick Smith, Ba'amurken da 'yan wannan sana'a ke ɗauka a matsayin ubangida, yana ɗalibi a Jami'ar Yale ya ci karo da wani littafin kwalliyar wasa, ya shiga gwadawa a fuskarsa. A 1945 gidan talbijin na NBC ya ɗauke shi aiki. Shi ne ya maida Dustin Hoffman tsoho ɗan shekara 121 a 'Little Big Man' (1970), ya tsufar da Marlon Brando a 'The Godfather' (1972), ya kuma yi fuskar yarinyar nan mai aljanu ta 'The Exorcist' (1973). Ya ci Oscar da 'Amadeus' (1984), ya rasu a 2014.

Smith bai da rowar ilimi. A 1965 ya fitar da ɗan littafi na koya wa yara kwalliyar dodanni da kayan da ake samu a gida. Cikin yaran da littafin ya shiga hannunsu akwai Rick Baker, wanda ya maida ɗakin kwanansa wurin aiki, yana gasa roba a murhun gashin mahaifiyarsa. Da ya tasa sai ya aika wa Smith hotunan aikinsa, har ya zama mataimakinsa a 'The Exorcist'. Shi Baker ɗin ne ya fara lashe Oscar na kwalliya a bikin 1982 da fim ɗin 'An American Werewolf in London', shi ne kuma ya yi fatalwowin bidiyon 'Thriller' na Michael Jackson a 1983. Sau 7 yana cin Oscar kafin ya ajiye aiki a 2015. Ka ji yaron da ake ganin ɓarnar kicin kawai ya iya!

Masoya finafinan Indiya kuwa ba za su manta da 'Paa' (2009) ba, inda wannan kwalliya ta ɓatar da kamannin Amitabh Bachchan, ya fito a matsayin yaro mai ciwon saurin tsufa, ɗan cikinsa Abhishek ya fito a ubansa. A nan gida Nijeriya ma akwai Hakeem Onilogbo, wanda aka fi sani da Hakeem Effect, da ya yi suna da wannan aiki a finafinan Kudu irin su 'King of Boys' (2018).

Kayan aikin ɗan koyo

Darasin farko jini ne. Smith da ruwan sukarin masara mai kauri da kalar abinci yake haɗa nasa, a nan kuwa zuma ko narkakken sukari na yin aikin. Kuskuren ɗan koyo shi ne ya zuba ja zalla, abu ya fito kamar zoɓo. Sai an ɗan ƙara garin koko ko ɗigon kala shuɗiya kafin ya yi duhu irin na gaske. Sabon jini ja ne mai sheƙi, wanda ya kwana kuwa ya koma ruwan ƙasa, don haka dole mai kwalliya ya san yaushe aka ji ciwon a cikin labari. Ai ko a 'Psycho' (1960) ruwan cakulan aka tsiyaya a sin ɗin wanka, da yake fim ɗin baƙi da fari ne. Abin da kyamara ta yarda da shi, shi ne jini.

Na biyu shi ne yanka. Ana murza basilin kashi ɗaya da fulawa kamar kashi biyu har su zama ƙullu, a sa ɗan koko ko hoda don ya zo daidai da launin fata, a manna, a shafe gefe-gefen da yatsa har ya saje, sannan a tsaga tsakiya da bayan cokali. Sirrin na gefen ne. Muddin ana ganin inda ƙullu ya tsaya fata ta soma, to asiri ya tonu.

Wanda ya ɗan yi nisa sai ya nemi ruwan roba na 'yan kwalliya, wato leteks. Da shi da yagaggen tishu ake yin ƙuna, hawa-hawa. Da shi ake yin tsufa: a ja fatar a miƙe, a ɗanɗana shi sama-sama da soso, a bari ya bushe, a sa hoda, sannan a saki. Nan take fata za ta yamutse.

Abin da bidiyon Turawa ba ya faɗa

Akasarin darussan intanet a kan farar fata ake yin su, inda wurin da aka buge ke yin ja, ya koma shuɗi, ya koma rawaya. A baƙar fata ba haka abin yake ba. Kumburi da duhu da sheƙi su ke nuna bugu, tabo kuma yakan fi sauran jiki duhu ko haske, wani ma ya taso. Wanda ya kwaikwayi Bature ido rufe, sai ya fito da ɗan wasa kamar an watsa masa fenti. Tom Savini, mai kwalliyar 'Friday the 13th' (1980), sojan ɗaukar hoto ne a yaƙin Biyetnam, raunukan da ya gani da idonsa su suka zama makarantarsa. Ɗan koyo ba sai ya je yaƙi ba. Tabon salansa a ƙafar ɗan acaɓa da tamojin fuskar kaka sun ishe shi karatu, in dai yana da ido.

Ga kuma zafi. Ƙullun basilin narkewa yake yi a ranar bazara, jinin zuma kuma gayyar ƙuda da tururuwa ne a lokeshin. Shi jelatin da ake yawan koyarwa da shi, galibi daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, har da na alade, don haka sai an duba kwali. Leteks kuma yana hana ruwa taɓa fata, sai a lissafa lokacin alwala kafin a liƙa.

Fuska ba allo ba ce

Nan ne wasa ke ƙarewa. A 1938 ana ɗaukar 'The Wizard of Oz' aka riƙa baɗa wa ɗan wasa Buddy Ebsen garin alminiyam a fuska don ya fito a mutumin gwangwani. Garin ya shige masa huhu, numfashi ya gagara, aka kwantar da shi asibiti, rol ɗin ya koma hannun Jack Haley. Wannan fa babban kamfani ke nan mai kuɗi, balle ɗan koyo a soro.

Akwai masu jinin da bai karɓar leteks, ya sa su ƙaiƙayi da kumburi, wani har sarƙewar numfashi, wanda sai an garzaya asibiti. Shi ya sa ake fara ɗiga kaɗan a cikin hannu a jira kwana guda. Ba a kai shi kusa da ido saboda sinadarin amoniya da ke ciki, ba a sa shi kan gira ko gemu sai an shafa basilin, in ba haka ba da gashin zai fito. Super Glue kuwa ko kusa! In ya haɗu da auduga zafi yake fitarwa har ya ƙona fata. Haka fentin gini da na mota. Reza da almakashi kuma ba sa zuwa kusa da jiki, a yanka a kan faranti kafin a manna.

Mafi yawan 'yan koyo a jikin ƙannensu suke gwaji, yaran da ba su iya cewa a'a. Ƙa'idar ita ce mutum ya fara da hannunsa, ya nemi izinin iyaye kafin ya taɓa fuskar yaro, ya tanadi abin cirewa tun kafin ya liƙa. Kowane aiki ya ɗauki hotonsa a hasken rana da na fitila, ya adana. Da hotuna Baker ya buɗe ƙofar Smith, kuma su furodusa zai nema ya gani. Ranar da darakta ya ce "kot", ɗan wasa ya wanke fuska ta dawo sumul yadda uwarsa ta san ta, ranar ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.