Zuciyar mace bayan ɗaukewar jini

A garuruwan Tasawa da Mayahi, in dattijuwa ta ce numfashinta na sarƙewa wajen daka ko jan guga, sai a ce tsufa ne. Wani lokaci ba tsufa ba ne. Zuciya ce.

Zuciya na bugawa kusan sau 100.000 a yini da dare. Ita ma tana bukatar abinci. Manyan jijiyoyi biyu ne ke kai mata jini, kamar yadda hanyar ruwa ke kai ruwa fangalin lambu a Gulbin Kaba. In hanya ta cushe, fangali ya bushe.

A jikin mace akwai wani sinadari da ake kira istirojin. Wurin da ƙwan haihuwa ke fitowa, nan ake yin sa. Shi ke tafiyar da al'ada, amma aikinsa bai tsaya nan ba. Yana sa jijiyoyin jini su yi laushi, su buɗe, jini ya wuce da sauƙi. Yana kuma rage mugun kitsen da ke manne musu ta ciki. Makiyayi ya san bambancin wasakin da ake shafa wa mai da wanda aka yar a rana. Shi ya sa toshewar jijiyar zuciya kan riga kama maza da wajen shekara 10.

Tsakanin shekara 45 zuwa 55 al'ada na ɗaukewa, istirojin ya ragu ƙwarai. Jijiya ta fara tauri, hawan jini ya samu ƙofa. Abin tausayi, ba kullum ciwon ke nuna kansa a ƙirji ba. Wata gajiya za ta ji, da zufa, da tashin zuciya, ko ciwo a muƙamuƙi da baya. Sai a jiƙa mata sassaƙe, a ce shawara ce.

To, me zai hana a sha istirojin ɗin a ƙwaya? An gwada. A Amurka, a 2002, an tsai da wani gwaji na mata fiye da 16.000 da suka daina al'ada. Ƙwayar da aka ba su, istirojin haɗe da wani sinadari, ba ta tsare zuciya ba. Sai ma ta ƙara daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma na ɗauke da istirojin. Mai hawan jini ta gaya wa ungozomar likita kafin ta karɓa, akwai wata dabara da ta dace da ita. Na tallar kasuwa kuwa, ba mai auna kowa kafin ya sayar.

Gishiri da kanwa da dunƙulen miya in sun yi yawa suna tada hawan jini. Taba ma tana ɓata jijiya. Awon tansiyo ba ya ɗaukar minti biyar. Maigida da ke zuwa kasuwar Tasawa ko ta Mayahi da amalanke, ya aza mahaifiyarsa ko uwargida, a biya likita a auna ta.