Jakarta: Birnin Da Rijiyoyinsa Ke Nitsar Da Shi

A unguwar Muara Baru da ke arewacin birnin Jakarta, a ƙasar Indunusiya, akwai wani masallaci mai suna Waladuna wanda aka daɗe da daina salla a cikinsa, domin ruwan teku ya mamaye shi. Da hukuma ta zo gina katangar tare ruwa, sai aka bar shi ta waje, yana tsaye cikin ruwa.

Mutanen birnin, waɗanda yawansu ya haura miliyan 10, suna kiran irin wannan ambaliya da suna "rob", wato ambaliyar da kan zo ko da ba a yi ruwan sama ba. Ruwan teku yakan cika ya janye kullum, amma cikar ta fi ƙarfi a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A irin waɗannan ranaku ne ruwa kan haura katanga, ko ya biyo magudanai ya ɓullo a tsakar gida. A watan Nuwamba na 2007 ya kai ga datse hanyar zuwa filin jirgin sama na Soekarno-Hatta.

Gaskiya ne ruwan teku na ƙaruwa a duniya, amma da 'yan milimita ne a shekara. Ƙasar Jakarta kuwa nitsewa take yi, har an auna wasu wurare a arewa da suka riƙa sauka da santimita 20 ko fiye a shekara guda. An ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na birnin yana ƙasa da tsayin ruwan teku. Koguna 13 da ke ratsa shi kuma ba duka ke iya zuba a teku da kansu ba, wasu sai an ɗaga ruwan da injuna.

Babban dalilin nitsewar shi ne rijiyoyi. An kafa birnin ne a kan laka da yashin da koguna suka tara. Tun da ruwan famfo bai kai ga kusan sulusin jama'a ba, sai masana'antu da otal-otal da manyan benaye suka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, talakawa kuma suka haƙa nasu gwargwadon hali. Idan aka zuƙe ruwan da ke ƙarƙashi, laka takan matse, ƙasa ta sauka, kuma ba ta sake tashi. Har ila yau, gurbin da ruwan daɗi ya bari, ruwan gishiri ne ke kutsowa ya cike shi. Ga shi gidaje kaɗan ne aka haɗa da babban bututun kwashe ƙazanta, saura shadda suke haƙawa, sau da yawa dab da rijiya. In ambaliya ta zo sai ta gauraya su. Shi ya sa matalautan arewacin birnin ke sayen ruwa a jarka daga 'yan garuwa, a kan farashin da ya ninka na famfo.

A 2014 gwamnati, tare da taimakon masana daga ƙasar Holan, ta fara aikin ƙarfafa katangar bakin teku, da niyyar gina wata ƙatuwa a cikin teku daga baya. To, amma katanga ita ma a kan wannan ƙasa take zaune, tare suke sauka. A 2019 Shugaba Joko Widodo ya ba da sanarwar mayar da hedkwatar ƙasa tsibirin Borneo, sai dai ƙaurar ma'aikatu ba za ta ɗauke masunta da 'yan dako daga Muara Baru ba.

Birnin Tokyo na Japan ya taɓa shiga wannan hali, inda wasu unguwanni suka sauka da fiye da mita 4. Dokokin 1956 da 1962 suka taƙaita jan ruwan ƙasa, aka samar wa masana'antu wani ruwan, kafin ƙarshen shekarun 1970 nitsewar ta kusa tsayawa. Jakarta ta bi sawu a makare: daga Agustan 2023 aka hana manyan gine-gine a wasu yankuna amfani da rijiya. A farkon shekarar ne kuma kamfanin ruwa na birnin, PAM Jaya, ya karɓi aiki daga hannun 'yan kasuwar da suka riƙe shi tun 1998, ya kuma ɗibar wa kansa wa'adin 2030 don kai famfo kowane gida. Mafi yawan ruwan da yake tacewa daga madatsar Jatiluhur yake zuwa, kuma kashi mai yawa na zurarewa a tsofaffin bututu kafin ya isa gidajen mutane.